Jinkirin Wasan Intanet a Anka da Gummi da Bukkuyum: A San Ciwo Kafin a Sayi Magani

A garuruwan yammacin Jihar Zamfara, watau Anka da Gummi da Bukkuyum, da wuya yanzu a shiga gidan malamin makaranta ko na akawu ba a tarar da saurayi ya duƙufa a kan waya yana wasa da waɗansu mutane da bai taɓa gani ba, wani yana Kano, wani yana Masar, wani yana can Turai. Wasannin da suka fi yi su ne irin su PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile da wasan ƙwallo na eFootball. Kukansu kuwa iri ɗaya ne a ko ina. Yaro ya danna, wasa bai amsa ba sai bayan abokin karawa ya riga ya gama da shi, ko kuwa ɗan ƙwallonsa ya sanƙare wuri guda, sa'an nan farat ɗaya a gan shi a wani gefen fili. Daga nan sai ya nufi mai gida, yau a ƙara kuɗin data, gobe a sake layi, jibi a ce wayar ce ta tsufa. A kashe kuɗin da aka sha wahalar tarawa, a koma wasa, a tarar abin yana nan yadda ya ke. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin yara ne, ba ruwan manya. Na'urar da ke ɗauke da wasan yaro ita ce ke ɗauke da aikin ofishin ubansa, da taron da a ke yi ta bidiyo, da karatun da malami ke bi daga nesa, da kuɗin da a ke aikawa ta waya. Ciwon ɗaya ne, sai dai wasa ya fi saurin tona shi, gama ba ya haƙuri da jinkirin ko da rabin sakan. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, jinkirin nan zango zango ya ke taruwa. Waɗansu zangunan suna cikin gida, ana gyara su ba ko kwabo, waɗansu kuwa sun fi ƙarfin ko wane mai gida. Wanda ya san bambancinsu ya tsira da kuɗinsa.

Faɗin Hanya Daban, Saurin Amsa Daban

Tushen ruɗun shi ne haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne yawan kayan da hanya ke iya ɗauka a sakan guda, ana auna shi da megabit, kuma da shi kamfanonin waya ke talla. Na biyu shi ne lokacin da saƙo ɗaya ke ɗauka ya je ya komo da amsa, ana auna shi da milisakan, watau kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan guda. A fuskar wasa a kan rubuta shi da haruffa biyu, ms, masu wasa kuma suna ce masa ping.

Ga misali. Babbar mota ta ɗauko buhunan gero daga Gummi za ta Gusau, ga kuma wani a kan babur ɗauke da wasiƙa ɗaya tak. Motar ta fi babur ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma in amsar wasiƙa a ke jira, girman motar ba ya ƙara kome. Mai kallon fim mota ya ke bukata, don kaya mai yawa ya ke jira, in ya makara da sakan biyu ba wanda zai lura. Mai wasa kuwa babur ya ke bukata, gama wayarsa ƙananan saƙonni ta ke aikawa sau da yawa cikin ko wane sakan, tana faɗa wa babbar kwamfutar kamfanin wasa, wadda a ke kira saba, inda ya tsaya da abin da ya danna. Galibin wasannin nan ba su cin fiye da megabayit 100 a awa guda, alhali kuwa bidiyo mai kyawun hoto ya kan ci gigabayit 1 ko fiye. Saboda haka sayen data mai yawa ba ya rage jinkiri, kamar yadda ƙara wa mota girma ba ya rage nisan Gusau.

Masu wasa sun saba ɗauka cewa abin da bai kai milisakan 50 ba ya yi kyau ƙwarai, daga 50 zuwa 100 ana wasa lafiya, in ya haura 150 sai a fara jin nauyinsa, in ya kai 300 kuwa wasan harbi ya zama ɓata lokaci. Haka abin ya ke ga magana. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawara kada murya ta ɗauki fiye da milisakan 150 kafin ta isa kunnen mai saurare, domin in ta zarce haka sai mutane su riƙa katse juna ba da nufi ba.

Har wa yau, ciwon da yara ke kira rashin sabis iri huɗu ne. Akwai jinkiri zalla, inda lambar ta ke da yawa amma tana tsaye. Akwai tangal-tangal, inda yanzu ta nuna 80, an jima kaɗan 400, sa'an nan ta komo, wannan ma ya fi jinkiri zalla ɓata wasa. Akwai ɓatan saƙo a hanya, shi ke sa ɗan wasa ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri. Na huɗu kuwa ba na hanya ba ne sam, wayar ce kanta ta gaza zana hoto da sauri.

Zangunan da Saƙo Ke Bi

Akawun da ya san aikinsa, in aka ce takarda ta makara, ba ya zagin ofis duka. Littafin shiga da fita ya ke buɗewa, ya duba a kan teburin wa ta kwana. Haka za a yi wa saƙon wasa, gama shi ma teburori ya ke bi. Daga waya ya tafi na'urar raba intanet ta gida, ko rauta ce, ko MiFi, ko wayar wani da aka kunna wa hotsifot. Daga nan ya bi iska zuwa turken sadarwa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Daga ƙarfe ya bi ko dai wayar gilashi da aka binne a gefen titi, ko kuwa farantan da ke miƙa saƙo daga ƙarfe zuwa ƙarfe, har ya isa cibiyar kamfanin layi. In sabar tana ƙetare, sai ya gangara Ikko, watau Legas, ya shiga wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku. Amsa kuma ta biyo sawu. Ko da samari biyu suna zaune a zaure ɗaya a Bukkuyum suna karawa da juna, saƙon ko wannensu sai ya je sabar ya komo kafin ɗan'uwansa ya gani.

Awo Kafin Magani

Aikin farko shi ne a samu ɗan littafi a ja masa layi, a rubuta rana, da lokaci, da layin da aka yi amfani da shi, da yawan mutanen da ke kan na'urar gida, da lambar da aka gani. A yi haka da asuba, da azahar, da bayan isha'i, har kwana bakwai. Awo na rana ɗaya ba ya nuna kome.

Awo uku za a riƙa yi. Na farko tsakanin waya da na'urar gida. A kwamfuta a kan buɗe tagar umarni a rubuta kalmar ping, a bi ta da adireshin na'urar, wanda galibi a kan buga a jikinta, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A waya kuma akwai manhajoji na kyauta masu yin wannan aiki. Amsar bai kamata ta wuce milisakan kaɗan ba, biyu ko biyar ko makamancin haka. Na biyu, a yi ping zuwa 8.8.8.8, adireshin wata na'urar kamfanin Google, ko 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare, waɗanda kan amsa daga wuri mafi kusa da layinka ke iya kaiwa. Na uku shi ne lambar da wasan kansa ke nunawa.

To, ga yadda a ke karanta su. In awo na farko yana tsalle ko saƙo yana ɓata, ciwon yana cikin gida. In na farko lafiya, na biyu ya yi yawa, a roƙi kowa ya sauka daga na'urar na minti biyar a sake aunawa, in lambar ta faɗi, cunkoson gida ne. In ba ta faɗi ba, amma da asuba tana da kyau da dare tana lalacewa, cunkoson ƙarfe ne. In na farko da na biyu duk lafiya, na wasa kaɗai ya yi yawa, nisan saba ne. In kuwa duk lambobin ƙanana ne amma hoto yana tsaitsayawa, a koma kan wayar.

Wayar Kanta

Ƙasarmu ƙasar zafi ce, daga Maris zuwa Mayu zafin rana ya kan haura digiri 40. An ƙera waya yadda in ta yi zafi za ta rage wa kanta ƙarfi don kada ta lalace, in ta rage kuwa hoton da ta ke zanawa sau 60 a sakan sai ya koma 30 ko ƙasa da haka, yaro ya ɗauka sabis ne. Wasa da waya tana jone a caji yana ƙara mata zafi, haka nan rigar roba mai kauri. A cire rigar, a zauna a inuwa, a rage kyawun hoto a saitin wasa, a kuma kashe tsarin tattalin batir sa'ad da a ke wasa, don shi ma yana rage wa waya ƙarfi.

Sa'an nan a duba abin da wayar ke yi a ɓoye. WhatsApp yana sauke hotuna da bidiyon zaurukan hira da kansa in ba a hana shi ba, Play Store yana sabunta manhajoji, wata manhajar tana kwashe hotuna tana aikawa ma'ajiya. Duk waɗannan suna gogayya da saƙon wasa. A tsai da su, a bar sabunta wasa sai tsakar dare ko asuba, gama sabuntawa ɗaya tana iya cin ɗaruruwan megabayit. Abin da ya fi kome cutar samari shi ne manhajojin VPN na kyauta da waɗanda ke alkawarin ƙara wa wasa gudu. Galibinsu zango su ke ƙara wa hanya, saƙo ya biya ta wata ƙasa mai nisa kafin ya nufi inda aka aike shi. A kashe su a sake awo, gani ya kori ji.

Na'urar Gida da Ginin Gida

Igiyar rediyon da ke haɗa waya da rauta, wadda a ke kira waifai, ba ta da ƙarfi sosai, ginin gidajenmu kuwa ba ya tausaya mata. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye ta, bulo da siminti haka, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe suna mai da ita baya, tankin ruwa ma yana tare ta. Mai gida ya ajiye na'ura a turakarsa cikin kabad, yaro yana zaure bayan katanga uku, lalle saƙo zai riƙa ɓata ana sake aika shi, ko wace maimaitawa kuwa jinkiri ce. A ɗaga na'urar sama, a sarari, kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, amma cikin inuwa, don ita ma zafi yana gajiyar da ita. Mai wasa ya matso kusa, in da hali ya zama yana ganinta da ido.

Waifai iri biyu ne a galibin na'urorin zamani, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na 2.4 ya fi ratsa katanga da kai nesa, amma ya fi cunkoso, gama na'urorin maƙwabta da abin sauraren kunne na Bluetooth duk nan su ke bi. Na 5 ya fi tsabta da sauri, sai dai ba ya nisa. Wanda ke ɗaki ɗaya da na'ura ya zaɓi na 5 in tana da shi. In na 2.4 kaɗai ke akwai, kuma unguwar tana da na'urori da yawa, a shiga saiti a gwada tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, don su ukun nan ne ba su hawa kan juna. Mai wasa da kwamfuta ko akwatin wasa kuwa ya bar iska ɗungum, ya ja waya daga rauta zuwa na'urarsa, irin wannan waya tana aiki har tsawon mita 100. A kuma sama wa rauta ɗan batir, domin duk sa'ad da wuta ta ɗauke ta komo, sai ta ɗauki lokaci kafin ta sake kama ƙarfe.

Layin Famfo

Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa a gidan da mutane da yawa ke kan na'ura ɗaya, shi ne kuma aka fi rashin ganewa. A ɗauka yaro ya zo famfo da kofi ɗaya, ya tarar da ɗan garuwa a gabansa da kura cike da jarkoki. Ruwan da yaron ke so kaɗan ne, amma tilas ya jira jarkokin nan su cika. Haka na'ura ke yi, in kaya ya fi ƙarfin hanya sai ta jera saƙonni a layi, ƙaramin saƙon wasa ya tsaya bayan bidiyon biki da wata ke aika wa dangi. Wani injiniya Ba'amurke, Jim Gettys, shi ya jawo hankalin duniya ga wannan matsala a 2010, ya nuna cewa na'urori da yawa suna tara layi mai tsawo fiye da kima, har jinkiri ya kai sakan guda ko fiye. Abin ya fi tsanani wajen aikawa, gama hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci.

Maganin farko shi ne a san ko su wane ne ke kan na'urar. Ko wace rauta tana da shafin da ke nuna sunayen wayoyin da ke jone da ita. Sau da yawa mai gida ya ba yaro ɗaya kalmar sirri, kafin wata ya ƙare rabin unguwa sun sani. A sake kalmar, a sa mai tsawo. Na biyu, waɗansu rautoci suna da saitin da ke ba ƙananan saƙonni hanya su wuce gaba, a kan rubuta shi QoS ko SQM. A kan sa masa iyaka ƙasa kaɗan da ainihin gudun layin, kamar kashi 85 ko 90 cikin 100, don kada layi ya taru. Amma ƙananan MiFi galibi ba su da shi, kuma gudun layin waya yana hawa yana sauka, saboda haka a gidaje da yawa maganin da ya rage shi ne na dattawa, a raba lokaci. Mai aika manyan kaya ya yi da safe, mai taron ofis a bar masa hanya sa'ad da ya ke taro, mai wasa ya san awarsa bayan ya gama aikin makaranta.

Ƙarfen Sabis

In an fita daga gida sai ƙarfe. Ƙarfe ɗaya jama'a da yawa ke rabawa, don haka bayan magariba, sa'ad da kowa ya dawo gida ya buɗe waya, da kuma ranar kasuwa da baƙi ke cika gari, rabon ko wane mutum ya kan ragu. Wannan ba a gyara shi daga ɗaki, amma ana iya kauce masa. A duba alamar da ke saman waya. A bisa al'ada 4G ya kan ƙara milisakan 30 zuwa 50, 3G ya kan kai 100 ko fiye, in kuwa harafin E ya bayyana, watau 2G, a ajiye wasa. Wayar da ke gefen gari ta kan riƙa tsalle tsakanin 4G da 3G, ko wane tsalle kuwa yana katse wasa. In saiti ya yarda, a tsai da ita a kan 4G sa'ad da a ke wasa, a mai da ita yadda ta ke in an gama, don kada kira ya kasa shigowa.

Sandunan da ke nuna ƙarfin sabis ba su da tabbas. A wayoyin Android, cikin bayanin halin layi, akwai lamba mai alamar ɗebewa da ke nuna ainihin ƙarfin, kusa da -80 yana da kyau, kusa da -110 ya yi rauni. A zaga gida da waya a hannu a nemi inda lambar ta fi kyau, can ne mazaunin na'ura. Ƙauyen da ke nesa da ƙarfe, eriya ta waje a kan dogon sanda tana taimako, in rautar tana da wurin jona ta. Kafin a sayi sabon layi kuma, a ari na maƙwabci a auna, na MTN ne ko na Airtel ko na Glo, domin layin da ya fi kyau a wata unguwa ta Anka ba lalle ne ya fi kyau a Gummi ba, ya danganta ga inda ko wane kamfani ya kafa ƙarfensa da yawan masu hawansa.

Nisa Ba Ya Jin Roƙo

Yanzu sai lissafi, malaman makaranta suna iya ɗora shi a allo. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan cikin sarari, amma cikin wayar gilashi kamar 200,000 ne. Ke nan ko wace kilomita 100 ta nisa tana cin milisakan 1, zuwa da komowa. Daga Anka zuwa Ikko a miƙe kusan kilomita 700 ne, amma waya titi ta ke bi, a ɗauka 1,000, milisakan 10 ke nan. Wayar teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne daga Ikko zuwa Fotugal, milisakan 70 ke nan. Ta Glo-1, wadda ta nufi Ingila, kamar kilomita 9,800 ce, kusan milisakan 100. A haɗa 10 da 70 da 40 na tsakanin waya da ƙarfe, an samu 120, tun saƙo bai bar gaɓar Fotugal ya shiga cikin Turai ba. Saboda haka yaron da ke Gummi yana wasa da sabar Turai, in ya ga 130 ko 150 tsaye ba tangal-tangal, ya sani gidansu lafiya lau ya ke, ba wayar da za a saya masa ta rage wannan.

Abin da ke rage shi ɗaya ne, a zaɓi sabar da ta fi kusa. Wasanni da yawa suna ba mutum zaɓin yanki, Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ko Asiya, waɗansu kuma suna nuna lambar ko wane. A zaɓi mai ƙaramar lamba, kada a bi suna kawai, gama wani lokaci saƙon da aka aika wata ƙasar Afirka sai ya biya ta Turai tukuna. Don rage irin wannan zagaye ne aka kafa mahaɗar intanet ta Nijeriya, IXPN, a Ikko a 2006, tana kuma da rassa a Abuja da Kano, domin saƙon da ke tsakanin kamfanonin cikin gida ya tsaya cikin gida.

Wani zai ce, to tauraron ɗan adam fa? Irin na da yana tsaye ne a nisan kilomita 35,786, saƙo ya hau ya sauka, amsa ta hau ta sauka, kusan milisakan 480 ke nan tun ba a ƙara kome ba, bai dace da wasa ba. Na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, taurarinsa suna kusa, kamar kilomita 550, hawa da saukarsa milisakan kaɗan ne. Yana kawar da cunkoson ƙarfe, amma yana bukatar kuɗi mai yawa, da wuta ba yankewa, da sararin sama ba itace ba rufi, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana dame shi. In sabar tana Turai, nisan nan yana nan yana jira.

Abin da Ya Fi Ƙarfin Mai Gida

Mutanen Zamfara sun san wannan fiye da kowa. A farkon Satumban 2021, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe sabis a jihar duka saboda yaƙi da 'yan bindiga. An mayar wa Gusau a farkon Oktoba, umarnin mayar wa sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ran 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi nauyi a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, aka riƙa karkata saƙonni ta waɗansu wayoyi kafin a gama gyara. Ban da waɗannan, ƙarafa da yawa da janareta da batir su ke aiki, in mai bai isa wurinsu ba sai su mutu, jama'arsu su koma kan ƙarfen da ke kusa su cunkushe shi. Masu aikin titi su kan tsinke wayar gilashi, ruwan damina mai ƙarfi ya kan raunana farantan da ke tsakanin ƙarafa. A irin waɗannan ranaku, in maƙwabta duka suna kuka ɗaya, kada a taɓa saiti, kada a sayi kome, a jira.

Amma in littafin awo ya nuna gida lafiya, saba tana kusa, duk da haka layi yana lalacewa mako bayan mako, to lokacin ƙara ya yi, nan ne kuma akawu zai nuna gwanintarsa. A kira kamfanin layi ta lamba 300, wadda aka mai da ta bai ɗaya ga kamfanoni duka a 2023, a faɗi gari da unguwa da ranaku da lokuta da lambobin da aka gani, a karɓi lambar ƙara a rubuta. In ba a ga gyara ba, a kira NCC ta 622, kyauta ne, a ba su lambar nan. Ƙarar da ta zo da lissafin kwana bakwai, musamman in gidaje goma na unguwa ɗaya suka kawo irinta, ta fi ta wanda ya ce sabis ba kyau ya yi shiru.

Shawararmu ga iyaye da malamai ita ce, ran da yaro ya zo neman kuɗin sabuwar waya ko ƙarin data saboda wasa, a miƙa masa littafi da alƙalami tukuna, a ce ya kawo awon mako guda, ya kuma faɗi a wane zango jinkirin ya ke da hujjarsa. In ya kawo, ya koyi jera lambobi da ɗaukar matsakaici da gudun haske, abubuwan da a ke fama da shi ya koya a aji. Sa'an nan a bi gyara daga mai araha zuwa mai tsada, a fara da sanyaya waya da kashe manhajojin ɓoye, a matsar da na'ura, a sake kalmar sirri, a raba lokaci, a zaɓi saba mafi kusa, a gwada layin maƙwabci. Sai waɗannan duka sun gaza, littafi kuma ya nuna dalili, sa'an nan a sa hannu a aljihu.